TARIHI: John Snow, likitan da ya bi sawun kwalara gida-gida har ya kai bakin famfo

Ranar Juma'a, 8 ga Satumba, 1854, ma'aikatan hukumar unguwar St James da ke tsakiyar birnin Landan suka je Titin Broad, suka kwance hannun wani famfon tuƙa-tuƙa da jama'ar wurin suka fi so saboda daɗin ruwansa. A cikin kwana goma, amai da gudawa sun kashe sama da mutum 500 a gidajen da ba su wuce tazarar yadi 250 daga famfon ba. Wanda ya matsa wa hukumar lamba har ta ɗauki wannan mataki wani likita ne mai shekara 41, ɗan lebura, ba ya riƙe da kowane muƙamin gwamnati. Sunansa John Snow.

A yau ɗalibin da ya shiga ajin koyon manhajar taswira, ko ajin nazarin yaɗuwar cututtuka, da wuya ya fita bai ga taswirar da Snow ya zana ta wannan annoba ba. Sai dai labarin da aka saba bayarwa an gajarta shi, an kuma yi masa kwalliya. Ainihin abin da ya faru ya fi kama da aikin ɗan jarida mai bincike: neman takardun gwamnati, ƙwanƙwasa ƙofofi, lissafi, da jayayya da manyan da suka riga suka yanke hukunci.

Daga York zuwa ramin kwal

An haifi John Snow ranar 15 ga Maris, 1813, a birnin York da ke arewacin Ingila. Shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa lebura ne a wurin sauke kwal, gidansu kuma yana bakin Kogin Ouse, a unguwar talakawa da ambaliya kan shafa. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi Newcastle koyon aiki a hannun wani likita mai suna William Hardcastle, kamar yadda ake kai yaro wurin mai sana'a.

Yana can kwalara ta shiga Ingila a karon farko, ta tashar jiragen ruwa ta Sunderland, a ƙarshen 1831. A 1832 maigidansa ya tura shi ƙauyen Killingworth ya duba mahaƙa kwal da cutar ta kwantar. Abin da ya sani game da rayuwar ramin haƙar ya zauna masa a rai. Mutane na wuni a ƙarƙashin ƙasa, babu masai, babu ruwan wanke hannu, a nan suke biyan buƙata, a nan suke cin guzurinsu. Bayan shekaru ya dawo kan wannan a rubuce-rubucensa.

Tun yana saurayi ya bar cin nama, ya ƙaurace wa giya, ya kuma riƙa tace ruwan da zai sha ta hanyar tafasa shi da tara tururin. A 1836 ya taka da ƙafa zuwa Landan don ci gaba da karatu. Ya shiga makarantar likitanci ta Hunterian, ya yi aiki a asibitin Westminster, ya sami shaidar likitan fiɗa a 1838, sannan digirin likitanci na Jami'ar Landan a 1844. Ya buɗe ɗan ɗakin duba marasa lafiya a Titin Frith cikin unguwar Soho, inda ya yi shekaru ba ya samun abin kirki.

Likitan da ya shaƙa wa Sarauniya kulorofom

Sunansa ya fara fitowa ne ta wata hanya dabam. A ƙarshen 1846 labari ya iso Landan daga Amurka cewa ana iya shaƙa wa mara lafiya sinadarin eta a yi masa tiyata bai ji zafi ba. Likitoci suka rungumi abin ba ma'auni, wani majinyaci ya farka ana tsaka da yanka, wani kuma ya galabaita. Snow ya zauna ya auna yawan tururin da iska ke ɗauka gwargwadon zafi ko sanyin ɗaki, ya ƙera na'urar shaƙa mai daidaita shi, ya wallafa littafi a kai a 1847. Da kulorofom ya zo a ƙarshen wannan shekarar, haka ya yi masa.

A 1853 shi aka kira fada ya shaƙa wa Sarauniya Victoria kulorofom lokacin haihuwar Yarima Leopold, aka sake kiransa a 1857 lokacin haihuwar Gimbiya Beatrice. Wannan ƙwarewa a kan iska da numfashi ita ta sa ya fara shakkar abin da kowa ya yarda da shi game da kwalara.

Zamanin da ake zargin wari

Landan ta lokacin tana da mutum kusan miliyan biyu da rabi, kuma ta fi ƙarfin magudananta. Gidaje da yawa na da ramin masai a ƙarƙashinsu ko a tsakar gida. Likitoci da jami'an gwamnati sun yi imani cewa gurɓatacciyar iska mai tashi daga ruɓaɓɓun abubuwa ita ke kawo annoba. Edwin Chadwick, jagoran gyaran tsaftar birane, yana kan gaba a wannan ra'ayi. Don a kori wari, hukumomi suka sa aka riƙa kora ƙazantar gidaje cikin magudanai, magudanan kuma suna zuba a Kogin Thames, wanda daga cikinsa kamfanoni ke jan ruwan da suke sayar wa jama'a.

Ra'ayin yana da alƙaluman da ke mara masa baya. William Farr, masanin ƙididdiga a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa, ya nuna cewa a annobar 1848 zuwa 1849, wadda ta ci rai kusan 14,000 a Landan, unguwannin da ke kwari kusa da kogi sun fi na kan tudu mutuwa, kuma mutuwar tana raguwa daidai da hawan tudu. Ya fassara wannan da cewa mugunyar iska a kwari take kwanciya. Lissafinsa daidai ne, fassarar ce ta kauce, domin mazauna kwarin su ne kuma masu shan ruwa mafi ƙazanta.

Snow ya kalli abin ta fuskar jiki. In da guba ce ake shaƙa, da huhu za ta fara kamawa. Kwalara kuwa a ciki take farawa, da gudawa da amai, har ruwan jiki ya ƙare. Don haka abin da ke kawo ta haɗiye shi ake yi, yana hayayyafa a hanji, ya fita cikin bahaya, ya koma bakin wani ta hannu ko abinci, ko ta ruwan sha wanda ya fi kowanne kaiwa nesa. A 1849 ya buga ɗan littafi da kuɗinsa yana bayyana wannan. Masana suka karanta, suka ce babu hujja.

Kamfani biyu, titi ɗaya

Hujjar ta zo da annobar da ta dawo a 1853 da 1854. A kudancin Landan kamfanoni biyu ne ke gogayya wajen sayar da ruwa, kamfanin Lambeth da kamfanin Southwark da Vauxhall. Da can dukansu a cikin gari suke jan ruwan Thames. A 1852 Lambeth ya mayar da wurin jansa zuwa Thames Ditton, sama da inda ƙazantar birni ke shiga kogin. Ɗayan ya ci gaba da ja a Battersea. A unguwanni da dama bututun kamfanonin biyu suna bin titi ɗaya, wannan gida na shan na wannan, maƙwabcinsa na shan na wancan. Iska ɗaya suke shaƙa, tudu ɗaya suke kai, masu kuɗi da talakawa duk a gauraye. Ruwa kaɗai ya raba su, kuma mutum kusan 300,000 abin ya shafa.

Snow ya karɓi adireshin mamata daga ofishin Farr ya shiga bin gidaje yana tambayar wane kamfani ke ba su ruwa. 'Yan haya da yawa ba su sani ba, domin mai gida ke biya. Wani lokaci a nemo masa rasit. Inda babu, sai ya ɗebi ruwan a kwalba ya gwada shi da sinadari, domin ya gano cewa gishirin da ke cikin ruwan Battersea ya ninka na Lambeth kusan sau 40.

A makonni bakwai na farkon annobar 1854, mutum 1,263 suka mutu a gidaje 40,046 da kamfanin Southwark da Vauxhall ke bai wa ruwa. A gidaje 26,107 na Lambeth, mutum 98 ne. Wato a kowane gida 10,000, mutum 315 a can, 37 a nan, ninki takwas da ɗoriya. Shi kansa Snow wannan binciken ya ɗauka a matsayin babbar hujjarsa, ko da yake tarihi ya fi tuna ɗayan.

Kwana goma a Titin Broad

Yana cikin wannan aiki, daren 31 ga Agusta, 1854, cutar ta ɓarke a Soho, tafiyar 'yan mintuna daga gidansa na Titin Sackville. Cikin kwana uku mutum 127 suka mutu. Masu hali da marasa hali suka kulle gidaje suka gudu. Snow ya zargi famfon Titin Broad tun da farko, amma da ya duba ruwan ranar 3 ga Satumba bai ga wata ƙazantar a zo a gani ba. Sai ya koma ga takarda. Ya karɓo jerin mutum 83 da aka yi wa rajistar mutuwa a kwanakin farko, ya bi adireshinsu.

Goma kacal daga cikinsu ne gidajensu suka fi kusa da wani famfo dabam. Ya je gidajen goman. Iyalai biyar suka gaya masa cewa ruwan Titin Broad suke aikawa a ɗebo musu saboda sun fi son sa. Uku kuma yara ne da makarantarsu ke kusa da famfon.

Daga nan ya juya ga waɗanda suke tsakiyar annoba amma ta tsallake su, domin ruwa ba ya tsami banza. Gidan gajiyayyu na Titin Poland yana da mutum 535, gawarwaki na fita daga gidajen da ke kewaye da shi, amma biyar kaɗai suka mutu a cikinsa. Ashe gidan yana da rijiyarsa. Masana'antar giya da ke kan Titin Broad ɗin kansa tana da ma'aikata sama da 70, babu wanda ya mutu. Ana ba su giya a wurin aiki, akwai kuma rijiya a ciki, ba sa zuwa famfon. Kusa da su akwai masana'antar kayan harsashi mai ma'aikata kusan 200, inda ake ajiye baho biyu na ruwan famfon don sha. Mutum 18 suka mutu a can.

Sai labarin wata dattijuwa da mijinta ya rasu, mazauniyar Hampstead, nesa da Soho, inda babu kwalara. Ta taɓa zama a yankin Titin Broad, ta saba da ruwansa, don haka kullum ake kai mata kwalba a amalanke. Ta sha wanda aka ɗebo ranar 31 ga Agusta, ta rasu ranar 2 ga Satumba. Wata 'yar uwarta da ta kawo mata ziyara ta sha ruwan, ta koma gida Islington, ita ma ta rasu.

Da yammacin 7 ga Satumba Snow ya tsaya gaban kwamitin amintattun unguwar ya zayyana musu abin da ya tara. Ba su gamsu ba sosai, amma ba su da wata dabara. Washegari aka cire hannun famfon. Jimillar waɗanda suka mutu ta kai 616.

Akwai abu biyu da masu ba da labarin kan ɓoye. Na farko, annobar ta riga ta fara ja da baya kafin a cire hannun, saboda mutane sun watse, kuma Snow da kansa ya rubuta hakan. Na biyu, ba taswira ce ta kai shi ga famfon ba. Hasashensa na 1849 da tambayoyin da ya yi a ƙofofin gidaje ne suka kai shi. Taswirar daga baya ta zo, don ta shawo kan masu musu.

Abin da taswirar ta ƙunsa

Ya nuna ta ga ƙungiyar masana yaɗuwar cututtuka ta Landan a Disamba 1854, ta kuma fito a bugu na biyu na littafinsa a 1855. Kowace mutuwa baƙin layi ce guda a daidai gidan da aka yi ta, layukan na hawa kan juna kamar jerin bulo. Ya sa famfuna 13 na yankin. Baƙin ya taru a kan guda ɗaya, yana sirancewa yayin da ake nisa da shi.

Ba shi ya fara zana wannan annoba ba. Wani injiniyan hukumar magudanai, Edmund Cooper, ya riga shi, don ya wanke hukumarsa daga zargin cewa sababbin magudanai ne suka tono cuta. Taswirar Cooper ta cika da bayanai har ido ya rasa inda zai tsaya. Snow ya zubar da duk abin da bai shafi tambayarsa ba, ya bar mamata da famfuna.

A bugun da ya shirya wa kwamitin binciken unguwar ya ƙara wani abu. Ya ja layin ɗigo-ɗigo da ya kewaye duk gidajen da famfon Titin Broad ya fi kowane famfo kusa da su, kuma da tafiyar ƙafa ya auna kusancin, ta bin tituna da lunguna kamar yadda mai ɗibar ruwa zai bi. Mafi yawan mamatan suna cikin da'irar. Irin wannan rabon fili a yau ana kiransa da sunan masanin lissafi Georgy Voronoi, wanda ya yi bayaninsa a 1908, kuma manhajoji irin su QGIS da ArcGIS suna yin sa cikin daƙiƙu.

Limamin da ya zo ƙaryata shi

Henry Whitehead matashin limami ne a cocin St Luke da ke unguwar, ya san gidajen ɗaya bayan ɗaya, kuma bai yarda da zancen famfo ba. Ya shiga bincike da niyyar rushe shi. Ya yi watanni yana tambayar waɗanda suka tsira, har da waɗanda suka gudu, me suka sha. Abin da ya samu ya juya masa ra'ayi. Shi ne kuma ya gano mafarin abin a cikin rajistar mamata: wata jaririya 'yar wata biyar a gida mai lamba 40, Titin Broad, wadda ta fara gudawa ranar 28 ga Agusta, kwana uku kafin ɓarkewar. Uwarta na wanke ƙunzugunta a bokiti ta zuba ruwan a ramin masai na gaban gidan. A Afrilu 1855 aka tona wurin. Bulon ramin ya ruɓe yana yoyo, tazararsa da rijiyar famfon bai kai ƙafa uku ba.

Kwamitin unguwar ya amince cewa famfon ne. Hukumar lafiya ta ƙasa kuwa ta duba hujjojin ta yi watsi da su, ta tsaya kan iska. Aka mayar wa famfon hannunsa.

Snow ya ƙara wa kansa abokan gaba a 1855 da ya je gaban kwamitin majalisar dokoki ya ba da shaidar da ta taimaki masu sana'o'i masu wari, irin su majema da masu dafa ƙashi, yana cewa wari ba ya kawo annoba. Mujallar likitoci ta The Lancet ta yi masa kaca-kaca. A kan kwalara yana da gaskiya, sai dai shaidarsa ta zama makami a hannun 'yan kasuwa masu gudun dokar tsafta, kuma wannan tabo ne da masu rubuta tarihinsa ba su daina muhawara a kai ba.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Ranar 10 ga Yuni, 1858, shanyewar jiki ta same shi yana rubuta littafinsa na kulorofom. Ya rasu ranar 16 ga watan yana da shekara 45, bai taɓa aure ba, aka binne shi a maƙabartar Brompton. Sanarwar da The Lancet ta buga ba ta ambaci kwalara ba. Sai a 2013, shekara 200 da haihuwarsa, mujallar ta buga gyara.

A bazarar da ya rasu warin Thames ya addabi 'yan majalisa a zaurensu da ke bakin kogin, suka gaggauta amincewa da kuɗin manyan magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya gina. Tsoron wari ne ya sa su, amma aikin ya raba ƙazanta da ruwan sha. Da kwalara ta dawo a 1866 ta fi ƙarfi a gabashin birnin, kuma William Farr, wanda a da yake ɓangaren iska, shi ya bi hanyar Snow ya ɗora laifin a kan ruwan kamfanin East London. Ƙwayar cutar kanta, Filippo Pacini ya gan ta a Florence tun 1854 ba a kula shi ba, sai da Robert Koch ya sake gano ta a Masar da Indiya a 1883 da 1884.

Abin da ya rage mana

Manhajojin yau suna auna abin da Snow ya gani da ido. Akwai ma'aunin da Patrick Moran ya fitar a 1950, mai nuna ko wurare maƙwabta suna kama da juna fiye da yadda sa'a kaɗai za ta kawo. Akwai dabarun gano inda cuta ta yi cincirindo. Amma kuskuren Farr yana nan yana jiran duk mai riƙe da kwamfuta: abu biyu na iya haɗuwa a taswira alhali na uku ne ke jan su. Tarin ɗigo a wuri ɗaya kuma yana iya nufin mutane ne suka yi yawa a wurin, shi ya sa Snow ya nemi yawan gidaje kafin ya kwatanta kamfanoni.

A Haiti, bayan ɓarkewar kwalara a 2010, bin kwararar Kogin Artibonite ne ya kai masu bincike ga sansanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ba ta nemi afuwa ba sai a 2016, bayan mutuwar kusan mutum 10,000. A arewacin Najeriya, hotunan tauraron ɗan'adam da wayoyi masu nuna inda 'yan rigakafi suka taka sun bankaɗo rugage da ƙauyukan da ba sa cikin taswirorin hannu, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a Agusta 2020.

Kwalara kuwa tana nan. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,600 suka mutu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suka ɗauki fiye da rabin masu cutar. Snow ya iya aikinsa ne domin ofishin gwamnati yana rubuta kowace mutuwa da adireshinta da dalilinta, yana kuma miƙa jerin ga wanda ya nema. A Najeriya mafi yawan mace-mace ba a yi musu rajista, ƙidayar jama'a ta ƙarshe tun 2006 ce, kuma alƙaluman annoba yawanci a matakin jiha ko ƙaramar hukuma ake sakin su, matakin da ba zai nuna wace rijiya ko wane ɗan ga-ruwa ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar nema, kuma tambayar da ta dace a kai wa ma'aikatun lafiya da hukumomin ruwa ita ce ta mazaɓa da unguwa: su wa suka kamu, a ina suke, daga ina suke shan ruwa.

Titin Broad yanzu sunansa Titin Broadwick. Akwai kwaikwayon famfon a wurin, ba shi da hannu, kusa da wata mashaya da aka raɗa wa sunan mutumin da ya yi shekaru yana yaƙi da shan giya. Kowace shekara ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa tana shirya lacca a Landan. A wurin taron ana cire hannun wani famfo, sannan a mayar da shi, don tuna wa mahalarta cewa aikin samar da ruwa mai tsafta bai ƙare ba.